Jerin FIFA da ƙananan ƙasashe: ina ribar take, ina asarar take?

Autan Zaure:
Salamu alaikum jama'a. Duk sa'ad da FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta fitar da jerin matsayin ƙasashe sai a cika mana kunne, wance ta hau mataki huɗu, wance ta sauko bakwai. Ina tambayar manya: ƙasa irin Nijar ko Chadi ko Sudan, wadda har yanzu gina tawaga take yi, me wannan jerin yake tsinana mata? Kuɗi ake ba wanda ya hau sama, ko dai lamba ce kawai da 'yan jarida ke cika shafi da ita?

Malam Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam Auta. Bari a fara da yadda ake samun makin, don rabin gardamar da ake yi daga rashin sanin wannan take tasowa.

Tun watan Agustan 2018 FIFA ta koma tsarin Elo. Kowace ƙasa tana da makinta a ajiye, bayan kowane wasa a ƙara mata ko a rage. Abu uku ake dubawa: sakamakon da aka samu, sakamakon da lissafi ya yi tsammani, da nauyin wasan. Nasara 1 ce, canjaras 0.5, rashin nasara 0. A cire abin da aka yi tsammani daga abin da aka samu, a ninka da nauyi, shi ke nan.

Nauyi ya bambanta sosai. Wasan sada zumunta da aka buga ba a cikin hutun FIFA ba (wato ranakun da ta ware wa wasannin ƙasashe), 5. Wanda aka buga cikin hutun, 10. Wasan neman gurbi, na kofin Afirka ne ko na kofin duniya, 25. Gasar kofin Afirka ita kanta 35 ce kafin kwata fainal, daga kwata fainal zuwa sama 40. Kofin duniya 50, daga kwata fainal 60.

Tsammanin kuma daga tazarar makin ƙasashen biyu ake fitar da shi. In makinsu ɗaya, kowa 0.5. In wata ta fi da 100, ana sa ran ta samu kusan 0.60. Tazarar 200, 0.68. Tazarar 300, 0.76. Tazarar 400, 0.82. Tazarar 600, 0.91.

Mu ƙaddara ƙasa mai maki 1200 ta haɗu da mai 1500 a wasan neman gurbi. Tsammanin ƙaramar 0.24 ne. In ta yi nasara ta samu 19. In aka tashi kunnen doki ta samu 6.5. In aka doke ta ta rasa 6. Wannan wasan dai, in na sada zumunta ne a hutun FIFA, nasara 7.6 ce kacal, rashin nasara kuma 2.4. A wajen hutu a sake raba wannan biyu. In kuwa a rukunin kofin Afirka ne, nasarar ta kai 26.6. Abin da ya shiga hannun wannan, daga hannun wancan ya fita.

Abu biyu ne suka saɓa wa haka. Na farko bugun fenariti: wanda ya ci ana rubuta masa 0.75, wanda aka cinye 0.5, kamar ya yi canjaras. Na biyu, a zagayen sili-ɗaya-ƙwale na babbar gasa ba a rage wa wanda aka fitar maki ko ɗaya. Yawan ƙwallayen da aka ci ba ya shiga lissafi, 1-0 da 7-0 duk ɗaya ne. Gida da waje ma ba su shiga, kuma za mu dawo kan wannan don nan ne ƙananan ƙasashenmu ke cutuwa.

Autan Zaure:
Na gode Malam. Ashe nasara ɗaya a neman gurbi daidai take da nasara biyar a wasannin da ake shiryawa a wajen hutu. To bayan an tara makin, sai a yi me da shi?

Ɗan Damagaram:
Sai a jira ranar raba rukuni, Auta. A can ne lambar ke cizo. Ana zuba ƙasashe cikin tukwane bisa matsayinsu a jerin, kowane rukuni ya ɗauki ƙasa ɗaya daga kowace tukunya. Wanda ke tukunya ta ɗaya ba zai haɗu da Maroko ko Senegal a rukuni ba, don tukunyarsu ɗaya. Wanda ke ta biyar dole ya haɗu da ƙasashe huɗu da suka fi shi matsayi.

Dubi neman gurbin kofin duniya na 2026. An raba rukunin a Abijan a watan Yulin 2023, tukwane shida, rukuni tara. Ƙasashe taran da suka jagoranci rukuninsu, shida daga tukunya ta ɗaya suka fito: Maroko, Senegal, Masar, Aljeriya, Tunisiya, Kwaddibuwa. Sauran ukun daga ta biyu: Ghana, Afirka ta Kudu, Cape Verde. Daga ta uku zuwa ƙasa babu ko ɗaya. Mena ta Nijar tukunya ta biyar ta fito, ta faɗa rukunin Maroko da Zambiya da Kongo da Tanzaniya, kuma ta ƙare ta biyu da maki 15. Wannan ƙoƙari ne babba, amma tun ranar da aka zaro sunan Maroko kowa ya san gurbi na farko ya tafi.

Na ƙasan jerin kuma tasu ta fi muni, don zagayen share fage ake tura su tun kafin a kai ga rukuni. A neman gurbin kofin duniya na 2022, ƙasashe 26 na saman Afirka suka wuce kai tsaye, 28 na ƙasa suka kara gida da waje a watan Satumban 2019. Nijar tana cikin 26 ɗin, ta tsira. Chadi ta haɗu da Sudan, Sudan ta fitar da ita. Wasa biyu kacal, aka rufe wa Chadi kofin duniya na shekara huɗu, alhali wanda ya shiga rukuni ya samu wasa shida masu nauyin 25. Ka ga wanda ya fi kowa bukatar wasannin da zai tara maki, shi ne aka fara hana wa.

Hajiya Ta Zango:
Ɗan Damagaram, tukunya ba ta buga ƙwallo. Kai da kanka shaida ne. A neman gurbin kofin Afirka na 2025 Ghana ce ta fito daga tukunya ta ɗaya a rukuninku, tare da Angola da Sudan da Nijar. Ina ta ƙare? Ta ƙarshe, da maki uku, ba ta ci wasa ko ɗaya ba cikin shida. Mena ta zo har Accra ta ci 2-1 a watan Nuwamban 2024. Sudan da yaƙi ya hana ta wasa a gida, kocinta Kwesi Appiah ya kai ta gasar.

Kafin wannan, Comoros ta doke Ghana 3-2 a Garwa a watan Janairun 2022. Mauritaniya ta fitar da Aljeriya a Bouaké bayan shekara biyu. Beljiyam ta zauna ta ɗaya a duniya daga 2018 zuwa 2022, kofi nawa ta ɗaga? Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, gaskiyarki a kan wasa ɗaya ko rukuni ɗaya. Amma a ƙirga duka. Ƙasa ta tukunya ta ɗaya tana iya yin tuntuɓe, shi ya sa muke tuna ranar, don ba kullum ake gani ba. Kuma ki lura, a neman gurbin kofin Afirka ƙasa biyu ke fita daga rukunin huɗu, ƙofar a buɗe take. A na kofin duniya ɗaya ce daga shida. Duk inda ƙofa ta ƙuntata, tukunya na ƙara nauyi. Ghana ɗin ma, sakamakon irin waɗannan wasanni ne ya sa da aka zo raba rukunin kofin duniya a Washington a watan Disamban 2025 ta samu kanta a tukunya ta huɗu tare da Cape Verde, Maroko da Senegal kuwa suna ta biyu.

Malam Mai Lissafi:
Ku duka biyun kuna da hujja, kuma Najeriya ta ba kowannenku misali. A zagayen ƙarshe na neman gurbin 2022, jerin FIFA ne ya raba ƙasashe goma gida biyu. Najeriya ta shiga cikin biyar na sama, don haka ta kauce wa Senegal da Maroko da Aljeriya da Tunisiya, aka kuma ba ta wasa na biyu a gida. Jerin ya yi mata duk abin da zai iya. Aka tashi 0-0 a Kumasi, 1-1 a Abuja, Ghana ta wuce da ƙwallon waje. Aljeriya ma haka Kamaru ta yi mata a Blida. Sauran ukun na sama sun wuce.

A watan Nuwamban 2025 a Rabat aka sake gani. Ƙasashe huɗu da suka fi ƙoƙari cikin waɗanda suka zo na biyu a rukunan neman gurbin kofin duniya na 2026, an haɗa su bisa matsayi, ta sama da ta ƙasa. Najeriya ta samu Gabon ta ci 4-1, sannan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da ita a bugun fenariti. A littafin FIFA wannan wasan canjaras ne ga Najeriya. Ita kuma Kongo, matsayinta ya sa a wasannin cike gurbi tsakanin nahiyoyi aka wuce da ita kai tsaye zuwa wasan ƙarshe, ita da Iraƙi, sauran huɗun sai da suka fara karawa tsakaninsu. Rage maka wasa guda a irin wannan gaɓar ba ƙaramin abu ba ne.

Alhaji Wakili:
Auta ya yi tambayar kuɗi ba a amsa masa ba. FIFA ba ta biyan kowa don ya hau mataki. Kuɗin shirin FIFA Forward kowace hukuma daga cikin 211 rabonta ɗaya, har dala miliyan 8 a zangon 2023 zuwa 2026, kuma hukumomi masu ƙaramin ƙarfi ne ma ake ƙara wa tallafin tafiye-tafiye da kayan wasa. Inda matsayi ke taɓa kuɗi a kaikaice ne: wurin ciniki da kamfanin da zai sa sunansa a riga, da wurin shirya wasan sada zumunta. Babbar ƙasa biyanta ake yi ta zo, ƙarama ita ke biyan jirgi da otal, wani lokaci har ta biya wanda za ta kara da shi.

Amma wurin da jerin nan ke shiga rayuwar ɗan wasa kai tsaye shi ne takardar izinin aiki a Ingila. Tun Janairun 2021 ɗan wasan da ba ɗan ƙasar ba sai hukumar ƙwallon Ingila ta amince da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce yawan wasannin gasa da ya buga wa ƙasarsa cikin watanni 24 da suka wuce, kuma adadin da ake nema ya danganta da matsayin ƙasar. In tana tsakanin ta 1 da ta 10, kashi 30 cikin ɗari na wasannin ya isa. Ta 11 zuwa 20, kashi 40. Ta 21 zuwa 30, kashi 50. Ta 31 zuwa 50, kashi 70. Daga ta 51 zuwa ƙasa wannan ƙofar a rufe take, ko da yaron bai taɓa fashin wasa ba.

Kuma ba matsayin watan da ake ciki ake dubawa ba, matsakaicin tsawon lokacin ake ɗauka, don haka tsalle guda bayan gasa ba ya wadatarwa. Ɗan Najeriya da ke buga wa Super Eagles a kai a kai yana iya wucewa ta nan. Ɗan Nijar ko Chadi mai irin bajintarsa sai ya tara maki 15 na tsarin hukumar Ingila ta wasu hanyoyi: ƙarfin lig ɗin da yake bugawa, mintunan da ya samu, wasannin nahiya da kulob ɗinsa ya yi. Lig-lig ɗinmu na gida makinsu kaɗan ne. Shi ya sa ake fara kai yaro Beljiyam ko Fotugal ya yi kaka ɗaya ko biyu. A 2023 an ɗan sassauta, aka ba kulob-kulob na manyan rukunai biyu damar ɗaukar har mutum huɗu da ba su cika sharaɗin ba, amma kulob ba ya kashe irin wannan gurbi a kan kowa.

Koci Na Fagge:
Alhaji, duk na ji, amma a yi hattara. Ranar da shugaban hukuma ya fara auna koci da jerin FIFA, ranar aka daina gina tawaga. Ga yadda abin ke lalacewa. An samu hutun Maris babu wasan gasa. Kocin da hankalinsa ke kwance zai kira yara biyar ko shida daga 'yan ƙasa da shekara 23, ya gwada mai tsaron gida na biyu, ya gwada sabon tsarin baya, ya nemi abokin karawar da ya fi shi don a ga inda ake yoyo. Kocin da aka ce masa kada a sauko ko mataki ɗaya zai kira tsofaffin nan goma sha ɗaya, ya nemi ƙasar da zai lallasa, ya ci 3-0, a yi ta tafi. Bayan shekara biyu tsofaffin sun gaji, yaran ba su taɓa jin zafin wasan ƙasa ba, sai a jefa su cikin wasan neman gurbi mai nauyin 25 su koyi aiki a can. Asarar da aka guje wa a 2.4 sai a biya ta a 6 ko 12, har da gurbin gasa a kai.

Wasan sada zumunta an rage masa nauyi ne don a samu wurin gwaji. Wanda ya mai da shi wurin farautar maki ya yi asara biyu.

Malam Mai Lissafi:
Koci, lissafi ma yana bayanka. Dabarar zaɓen abokin karawa ta tsohon tsari ce, mutane ba su lura an toshe ta ba. Daga 2006 zuwa 2018 matsakaicin makin wasanni ake ɗauka, shekarar da ake ciki a cike, na baya a rage su zuwa kashi 50, 30 da 20. Tunda matsakaici ne, ko ka ci wasan sada zumunta yana iya jawo ka ƙasa, don makinsa kaɗan ne. Sai wasu ƙasashen Turai suka gane cewa ƙin buga wasan ya fi riba. Romaniya da Wales sun shiga tukunya ta ɗaya a rabon rukunin neman gurbin kofin duniya da aka yi a 2015 ta wannan hanya. Poland ta yi kusan shekara ba ta buga na sada zumunta ba, ta shiga tukunya ta ɗaya a kofin duniya na 2018, Senegal ta ci ta 2-1, ta ƙare ta ƙarshe a rukuni. A wancan tsarin har nahiya ake ninkawa da ita, Afirka 0.85, Kudancin Amurka 1. Wannan an cire shi, kuma cire shi alheri ne gare mu.

A tsarin yanzu, in makinka ya yi daidai da ƙarfinka, duk wanda ka zaɓa ribar da za ka sa rai sifili ce. Ɗauki ƙasar da ka fi da maki 400 a wasan sada zumunta. Ka ci, ka samu 1.8. Ka yi canjaras, ka rasa 3.2. Aka ci ka, ka rasa 8.2. Kuskure ɗaya ya cinye nasara huɗu da ɗoriya. Najeriya ta ɗanɗana irin wannan a nauyin 25 lokacin da Lesotho ta riƙe ta 1-1 a Uyo a watan Nuwamban 2023.

Hawa na gaske a gasa ake yinsa. Bayan kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa, Najeriya ta tashi daga ta 42 zuwa ta 28 a jerin Fabrairun 2024, Angola daga ta 117 zuwa ta 93. Wata guda ya yi abin da wasannin sada zumunta na shekara uku ba za su yi ba, don nauyin 35 da 40 ne, kuma daga zagaye na biyu ba a rage maka komai. Matsayi na biyar da Najeriya ta kai a Afrilun 1994 ma bayan ɗaukar kofi a Tunisiya ne, ko da yake da wani lissafin daban aka yi shi.

Baba Alƙali:
Ku bar ni in ƙara abin da sakatarorin hukuma ke yawan tuntuɓe a kai. Ba duk wasan da aka sa rigar ƙasa ne ke shiga lissafi ba. Sai hukumomin biyu sun amince manyan tawagoginsu ne, an sanar da hukumar nahiya da FIFA cikin lokaci, an kawo alƙalan wasa da ke cikin jerin na FIFA, kuma ba a wuce adadin canjin da doka ta yarda ba. Shekaru da yawa ƙa'idar canji shida ce ga kowane ɓangare a wasan sada zumunta. Koci ya ga dama ya sauya mutum goma bayan hutun rabin lokaci, wasan ya zama atisaye, an kashe kuɗin jirgi da otal ba a rubuta komai ba. In da niyya aka yi don gwaji, babu laifi. Matsalar ita ce a yi shi cikin rashin sani, a ci babbar ƙasa, a zo ana jiran makin da ba zai zo ba.

Sai maganar hutu. Kulob ba dole ba ne ya saki ɗan wasa sai a ranakun da ke cikin kalandar FIFA. Ka shirya wasa a wajensu, 'yan wasanka na Turai ba za su zo ba, nauyin kuma 5 ne. Gasannin shiyya irin COSAFA ta kudancin Afirka ma a matsayin sada zumunta ake lissafa su.

Dakatarwa kuma ba ta rage maki, makin yana nan a daskare, amma tana cinye wasanni. Kenya da Zimbabwe da aka dakatar a Fabrairun 2022 sun rasa neman gurbin kofin Afirka na 2023 gaba ɗaya, wasa shida ke nan. Ƙasar da ta yi watanni 48 ba ta buga wasa ba cire ta ake yi daga jerin, abin da ya samu Eritiriya ke nan.

Ɗan Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Eritiriyar nan janyewarta daga neman gurbin kofin duniya na 2026 ce ta sa aka soke sakamakon wasanni da ƙasashen da suka zo na shida wajen tantance waɗanda suka zo na biyu. Bayan an soke, Kamaru da Najeriya da Burkina Faso da Nijar duk maki 15 suka tsaya, yawan ƙwallaye ya raba su.

Malam ya ce za a dawo kan gida da waje, to ga ni na dawo da ita. Jerin maza na FIFA ba ya la'akari da mai masauki, alhali na mata yana ƙara wa mai gida maki 100 wajen fitar da tsammani. A ka'ida babu cuta, don kowa na buga rabi a gida rabi a waje, abin da ka rasa can ka maido nan. Amma wanda CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ba ta amince da filinsa ba fa? Filin Seyni Kountché na Yamai bai samu amincewa ba, Mena ta yi ta karɓar baƙi a Maroko. A watan Maris na 2025 Nijar ce mai masauki a wasanta da Maroko, a ina aka buga? A Oujda, cikin Maroko. Mena ta fara ci, aka farke, aka ƙara mata ta biyu a ƙarin lokaci. Benin ma a Abijan ta karɓi Najeriya a 2024.

Mu ƙaddara gida na ɗaga sakamakonka daga 0.5 zuwa 0.6 a kan wanda kuke kai ɗaya. A nauyin 25 maki 2.5 ke nan kowane wasa, wasa biyar na gida 12.5. A tsakiyar jerin ƙasashe a cunkushe suke, tazarar maƙwabta maki kaɗan ce, 12.5 na iya sauya maka tukunya. Ga kuɗin tikitin kallo da aka rasa, ga hayar fili, ga zafin Yamai da baƙo bai sha ba. Hukumar da ke son hawa jerin nan ta fara da ciyawa da fitilu da kujeru da ɗakin sauya kaya, abubuwan da masu duba fili na CAF ke rubutawa.

Hajiya Ta Zango:
A nan kam na bi ka. In ƙara da 'yan ƙasa mazauna waje. Cape Verde tana ta 182 a shekarar 2000, ta kai ta 27 a Fabrairun 2014, ta samu gurbin kofin duniya a Oktoban 2025, ta sha gaban Kamaru a rukuni. Ba da wasannin sada zumunta ta yi ba, 'ya'yanta na Fotugal da Holan da Faransa ta bi ta tattaro. Ɗan wasanta Roberto Lopes haifaffen Dublin ta LinkedIn aka fara tuntuɓarsa. Comoros ma yaran Marseille ne ƙashin bayanta. Tun Satumban 2020 doka ta ƙara sauƙi: wanda bai wuce wasa uku ba a babbar tawagar wata ƙasa kafin ya cika 21, ba a babbar gasa ba, yana iya sauyawa bayan shekara uku. Irin wannan yaron tambayar da yake yi ita ce ko za a je gasa, ko za a biya alawus, ko jirgi zai zo a kan lokaci. Matsayi daga baya yake biyo su.

Koci Na Fagge:
Malam, wata tambaya. Tun da Turai ta fara gasar Nations League a 2018, samun ƙasar Turai a wasan sada zumunta ya yi wuya, mun koma muna juya makinmu tsakaninmu. Yanzu kuma CAF ta sanar a Disamban 2025 cewa bayan 2028 kofin Afirka zai koma duk shekara huɗu, a kawo irin waccan gasar. Ga ƙaramar ƙasa riba ce ko asara?

Malam Mai Lissafi:
Ya danganta da wace ƙaramar, Koci. Wadda ke samun shiga gasar, irin Angola ko Mauritaniya, ta yi asara, don damar wasannin 35 da 40 ta ragu da rabi. Nahiyar ma gaba ɗaya ta rage samun sabon maki, tunda zagayen da ba a rage wa kowa da bugun fenariti su ne ke shigo da makin da ba daga hannun wani ya fita ba. Wadda ba ta shiga kuma, irin Chadi, za ta rasa zango guda na neman gurbi a kowace shekara huɗu, wasa shida masu nauyin 25. In FIFA ta ba sabuwar gasar nauyi irin na Turai, wasan rukuni 15 ne, na ƙarshe 25. Wato nasara a kan wanda kuke kai ɗaya za ta sauko daga 12.5 zuwa 7.5.

Ta ɗaya ɓangaren, 15 ta fi 10 ɗin da ake samu a sada zumunta, kuma wasa ne tabbatacce da ba sai an yi roƙo ko an biya dillali ba. In aka raba ta mataki-mataki bisa ƙarfi, na ƙasa za su riƙa haɗuwa da sa'o'insu. San Marino da ke can ƙarshen jerin ta haka ta doke Liechtenstein sau biyu a 2024. In kuwa shiyya-shiyya aka yi ta ba tare da matakai ba, Nijar za ta riƙa cin karo da Najeriya da Kwaddibuwa da Ghana da Burkina Faso kowane zango, tsammaninta ƙasa da rabi a yawancin wasannin, asarar kowane wasa kaɗan, ribar nasara ɗaya da yawa.

Koci Na Fagge:
To ni damuwata ba makin ba ce. In aka cika hutun Satumba zuwa Nuwamba da wasannin gasa, Maris da Yuni kuma na neman gurbi, a wane wasa za a gwada ɗan shekara 19? Daga 2026 an haɗe hutun Satumba da na Oktoba ya zama kwana 16 da wasa huɗu. Hukumar da ke da hankali ta ware ɗaya daga cikin huɗun, ta gaya wa koci a rubuce cewa sakamakonsa ba ya cikin abin da za a auna shi da shi.